Finjalin da Ba a Kaɗa Ba

Rana ta yi ja tana shirin faɗawa teku sa'ad da Munzali ya laluba aljihu ya ji wayam. Babu iƙama, katin zamansa a ƙasar. Ya laluba na hagu, ya laluba na baya, har ya duƙa yana leƙen ƙasan kujerar tasi. Can sai ya tuna: katin yana aljihun rigar aiki, rigar kuwa tana rataye cikin tarago.

Duk wanda ya zauna Jidda ya san baƙo ba ya dosar filin jirgi ba tare da katin zamansa ba. Ga shi yau ba ranar wasa ba ce. Yau Lailatu za ta sauka, matarsa da ya baro a Gusau tun lallen biki bai gama fita daga ƙafarta ba. Ba ta taɓa wuce Kano ba, Larabcinta bai fi na salla ba, kuma tun da bizarta ta fito abu ɗaya take nanata masa a waya:

"Don Allah kada ka bar ni tsaye cikin mutane ni kaɗai."

Ya rantse mata ba zai bar ta ba. Saboda haka ya ce wa direba ya juya su koma wajen tashar jiragen ruwa, ya jira shi a bakin get, yanzun nan zai fito.

Aikin da ya kawo Munzali Saudiyya, in ya faɗa a gida dariya ake yi masa. Wani kamfani ne ya sayo tsofaffin taragun jirgin ƙasa daga wata ƙasa mai nisa, irin waɗanda attajirai ke hawa tun kakanninmu suna yara. Aka sauke su daga jirgin ruwa duk tsatsa da kashin tsuntsaye, aka jera su cikin wata ƙatuwar rumfar ƙarfe, kan guntun layin dogo da ya tashi daga bango ya ƙare a bango. Daga nan masu gyara suka hau su. Aka kankare katako aka shafe shi har mutum na ganin haƙoransa a jiki. Aka goge fitilun tagulla, aka yi wa kujeru sabuwar rigar karan-miski kore, aka shimfiɗa darduma mai shanye ƙafa. Akwai taragon barci, kowane ɗaki da gadonsa da ɗan kwanon wanke fuska. Akwai na cin abinci. Akwai kuma na majalisa, inda baƙi za su kishingiɗa su sha gahawa suna kallon hamada tana wucewa. Jirgin dai bai taɓa motsawa ba tukuna, ko kan da zai ja shi ba a kawo masa ba, amma tuni ake horar da ma'aikata. Munzali ya yi shekaru yana ɗaukar faranti a wani otal a Abuja, don haka taragon majalisa aka ba shi.

Mai koya masa zuba gahawa ita ce Khala Mastura. Bahaushiya ce haihuwar Jidda. A Karantina aka yanke mata cibiya, can ta tsufa tana zuba wa mata gahawa a gidajen biki, har ranar da aka rushe unguwar ta kwashe komatsanta ta koma bayan gari. Gajera ce mai kaifin baki, Hausarta rabi Larabci.

Ranar farko ta zauna a matsayin baƙuwa, ta miƙa masa dalla, wato butar gahawa mai dogon baki, ta ce ya zuba mata. Munzali, ɗan mutanen kirki, ya cika finjali taf har yana neman zubewa, ya miƙa baki har kunne. Ai a gidansu wanda ya ba baƙo rabin kofi sai a shekara ana ba da labarin rowarsa.

Khala Mastura ta dubi finjalin, ta dube shi. Ta kurɓa, ta miƙe, ta ɗauki jakarta.

"Khala, ina za ki?"

"Gida. Ba kai ka kore ni ba?"

"Ni? Wallahi..."

"Isma', ya waladi. A nan in ka cika wa baƙo finjali, ce masa ka yi ya sha ya tashi ya ba ka wuri. Kuma sai ya tashi, ko wane ne shi. Ɗan kaɗan ake zubawa, a ƙasa-ƙasa, don ya san ana son zamansa. Ya miƙo, ka ƙara. Ya sake miƙowa, ka sake ƙarawa. Dalla a hagu, finjali a dama, kana tsaye. Ba ka ajiyewa, ba ka juya baya, sai ya kaɗa finjalin haka." Ta girgiza shi tsakanin yatsunta. "Ya kaɗa, halas, ya sallame ka. Bai kaɗa ba, kai nasa ne."

Munzali ya haddace, ya kuma wayi gari malami. Ya tura wa Lailatu dogon saƙon murya yana koya mata, da irin muryar wanda ya ga duniya. Ta yi dariya har da tari, ta ce wannan ai rowa ce aka naɗa wa rawani. Amma ta ce za ta koya, kada ta zo ta ba shi kunya gaban mutanen gari.

Abu biyu ne na Khala Mastura bai taɓa ganewa ba. Ba ta shiga tarago sai ta yi sallama, ko da ba kowa ciki, ta kuma ɗan dakata kamar mai jiran amsa. Sannan da la'asar ta yi sanyi za ta fara tattara kayanta tana yalla, yalla. Ya taɓa tsokanarta ko miji ke jira. Ba ta yi dariya ba.

Da ya isa get bai tarar da maigadi ba, sai kujerarsa da rediyo na magana shi kaɗai. Ya tafi masallaci ke nan. Ƙaramar ƙofa a buɗe take, Munzali ya shige.

Waje da sauran haske, amma cikin rumfar duhu ya riga ya sami wurin zama. Taragu na jere shiru. Warin fenti, warin man goge katako, da ɗan ƙarnin teku da ke shigowa ta ƙarƙashin rufi. Takunsa na tafiya ya dawo masa. Ya taka matakalar taragon majalisa ya shiga bai yi sallama ba. Wa zai yi wa?

Rigar na nan bayan ƙofar ɗan kicin. Ya zaro katin, ya sumbace shi don murna, ya soka a aljihu. Can nesa ladan ya ɗaga murya.

Sai ƙararrawa ta buga.

'Yar ƙararrawar tagulla ce a saman ƙofar kicin, wadda baƙo ke danna maɓallinta daga kujera in yana neman mai hidima. Munzali ya san ba a haɗa ta ba tukuna. Da idonsa ya ga wayoyinta a nannaɗe jiya.

Ta sake bugawa. A hankali, ba gaggawa.

Nan da nan ya sama wa kansa dalili, kamar yadda mai tsoro ke yi. Ai mudir, shugabansu a wurin aiki, ya sha faɗa musu cewa masu kamfanin na iya turo nasu kowane lokaci, ba sanarwa, don a gwada su. Wanda ya faɗi gwajin sai gida. In kuwa aka mayar da shi gida, Lailatu da ke sama yanzu wurin wa za ta zauna? Finjali ɗaya ko biyu ne, baƙo ya kaɗa, shi kuma ya ruga.

Ya zura rigar. Ya juya zai ɗora ruwa, sai ya ga dalla kan tire, a cike, tururi na fita ta bakinta. Da hannunsa ya wanke ta ya kife da la'asar.

"Khala ce," ya ce wa kansa. Ya san Khala ba ta kai magariba a nan.

Ya ɗauki dalla a hagu, finjalai a dama, ya ture labule.

Fitilun tagulla na ci, ƙasa-ƙasa, haskensu ja-ja. A kujerar ƙarshe kusa da taga wata tsohuwa na zaune cikin baƙar abaya, fuskarta a rufe, da ƙunshin kaya a gabanta. Ƙamshin turaren wuta ya cika taragon, irin na tsofaffin ɗakuna da ya kama bango. A ƙarƙashin ƙamshin akwai wani abu mai shaƙe maƙogwaro. Ƙurar siminti.

Ya tako ya rusuna, ya faɗi gaisuwar da aka koya musu.

"Marhaba, Hajiya. Tafaddali. Nan gidanki ne."

"Ka ji ɗan albarka." Da Hausa ta amsa, tsohuwar Hausa irin ta kakanni, muryar a bushe. "Ka ce gidana ne?"

"Gidanki ne, Hajiya."

"To madalla. Kun dai ji."

Ya waiga. Ba kowa.

Ya zuba ɗan kaɗan a ƙasan finjali, ya miƙa da dama. Hannu ya fito daga abaya ya karɓa. Yatsun dogaye ne, fari fat da ƙura. Finjalin ya shige ƙarƙashin mayafi. Bai ji ƙarar kurɓa ba.

Ta miƙo. Ba ta kaɗa ba.

Ya ƙara.

Ta miƙo.

Ya ƙara.

Waya ta yi gurnani a aljihunsa. Ya ce bari ya yi dabara.

"Hajiya, bari in kawo dabino."

Ya ɗaga ƙafa zai ja da baya. Ƙafar ba ta ɗagu ba. Ya sake gwadawa. Kamar an zuba siminti an dasa shi cikin darduma. Ya so ya ajiye dalla, yatsunsa suka ƙi buɗewa. Sai a lokacin ya lura dallar ba ta rage nauyi ba ko kaɗan.

"Dabino ba ya damunmu," in ji tsohuwar. "Zuba wa Malam."

Wani hannu ya miƙo ta damansa.

Namiji ne, dogo, ya ja rawani ya rufe fuska, zaune a kujerar da babu kowa ɗazu. Ƙafafun Munzali suka tafi da kansu suka kai shi gabansa. Ya zuba. Kafin ya ɗago, wani hannun na jira. Da wani. Da wani a bayansa.

Taragon ya cika.

Ba wanda ya shigo ta ƙofa. Kujera dai sai ka gan ta wayam, ka ƙifta ido ka ga mutum. Maza da mata, kowa fuska a rufe, kowa da kaya. Amma ba akwatuna ba ne. Wani ya jingina ƙofar ƙarfe da gwiwarsa. Wata ta rungume tulu mai tsaga. Wani tagar katako ce a cinyarsa, da sauran bango a jikinta. Kuma a tufar kowannensu akwai jan fenti, an ja shi da gaggawa. Munzali ya gane shi. Ya taɓa ganinsa a hoton da Khala Mastura ta nuna masa a wayarta: alamar da aka shafa wa bangon gidansu kafin a rushe shi.

Karan-miskin kujerun bai lotsa ba ƙarƙashin kowa.

Ya ɗaga ido ya dubi dogon madubin da ke ƙarshen tarago. Shi kaɗai ne a ciki, cikin farar riga, yana zuba gahawa. Finjalai na rataye a iska.

 

Sai taragon ya girgiza.

Ƙarfe ya yi ƙara a ƙasa, doguwar ƙara, irin ta abin da ya daɗe bai motsa ba. Fitilu suka yi lilo. Finjalai suka yi ƙaras-ƙaras a hannunsa. Jirgin da ba shi da kai ya fara tafiya.

Bango na gaba. Ya runtse ido yana jiran karo.

Ba karo.

Ya buɗe ido. A taga lunguna ne ke wucewa, matsattsu, gidaje manne da juna. Igiyar shanya da kaya a kai. Hayaƙin mai tsire na tashi daga tukuba, ba mai tsiren. Ƙofofi a buɗe, fitilu na ci, ba mutum ko ɗaya. Muryar liman da ke jan salla a masallacin tasha tana ta yin nisa, tana ƙanƙancewa, har ta ɓace.

Ya fara karanta Ayatul Kursiyyu. A tsakiya numfashi ya ƙwace masa.

Tsohuwar ta ɗauka daga inda ya tsaya, ta kai ta ƙarshe, ba kuskure ko ɗaya. Taragon duka ya amsa da amin, ƙasa-ƙasa, kamar iska cikin kara.

"Mu ma musulmi ne, ɗana," ta ce. "Ba mu shigo da ƙarfi ba. Kai ka ce gidanmu ne."

Ta miƙo finjali. Ya zuba.

"Ina za mu?" ya tambaye ta.

"Inda ba a rushewa."

"Yaushe za mu dawo?"

Ta miƙo finjali.

Ya zuba, hawaye na ɗiga kan farar riga.

"Tare muka zauna da mutanen Karantina," ta ce, kamar mai hira a tsakar gida. "Tun kakanninsu suka sauko daga jirgin alhazai. Su a ɗaki, mu a soro da bayan tulu. Ba mu taɓa cutar ɗan kowa ba. Ranar da motocin rusau suka zo, kowa ya ɗaure kayansa ya shiga mota. Ba wanda ya waiwayo ya ce mana ku taho." Ta shafa katakon taga da dogayen yatsunta. "Yanzu mun sami gida mai ƙafa. Mai zuba mana ne ya rage. Kai kuwa hannunka da kyau."

Waya ta sake ɗaukar gurnani. Haskenta na fitowa ta yadin aljihu.

Tsohuwar ta karkata kai kamar mai saurare.

"Matarka ta sauka."

Munzali ya dubi aljihunsa.

"Tana tsaye jikin ginshiƙi. Ta rungume jaka a ƙirji. Tana kuka a hankali don kada a gani."

"Hajiya, don Allah. Don Annabi. Ki kaɗa."

"Kada ka damu. Ba ma raba miji da mata. Za mu biya mu ɗauko ta."

Ta nuna kujerar da ke kusa da ita. Ita kaɗai ce ba kowa a kai. An ɗora finjali a hannun kujerar, sabo, yana jira.

Taragon ya karkata, ya sha kwana. Lungunan suka ƙare. Can gaba cikin duhu, jerin fitilu suka bayyana, da jirgin sama yana saukowa a hankali.

Tsoron da yake ji wa kansa ya kau. Wani tsoron ya zo wanda ya fi shi. A ransa ya ga Lailatu a kujerar nan, fuska a rufe, da jan fenti a mayafinta.

Ƙafa ba tasa ba ce. Hannun hagu ba ya sakin dalla. Abu ɗaya aka bar masa: zubawa.

Zubawa.

Ya ga Khala Mastura ranar farko, tana miƙewa da jakarta.

Tsohuwar ta miƙo finjali. Ya karɓa da dama. Ya karkata dalla.

Gahawa ta rufe ƙasan finjali. Bai tsaya ba.

Ta kai rabi.

Wani ya ja numfashi a bayansa.

"Ɗana," in ji tsohuwar. "Ya isa."

Bai tsaya ba.

Ta cika taf. Ta tumbatsa. Ta gangaro kan yatsunsa, tafasasshiya, ya ji fata na salewa. Ya cije leɓe. Ya miƙa mata finjalin yana ɗiga.



Ƙarar ƙafafun jirgi ta fara ja baya. Fitilu suka daina lilo.

Ta daɗe tana kallon finjalin. Sannan ta karɓa. Ta ɗaga mayafi.

Ba fuska ba ce irin tamu. Tsohon bango ne da yaɓensa ya tsattsage, idanun kuma tagogin gidan da aka tashi daga cikinsa. Ruwa na gangarowa daga cikinsu.

Ya zaci za ta yi ihu. Da ta yi ma da ya fi sauƙi.

"An sake korarmu," ta ce a hankali.

Ta kurɓa sau ɗaya. Ta ajiye. Ta sunkuya ta ɗauki ƙunshinta.

"Ba ma zama inda aka kore mu. Sai mu nemi wani gidan."

Ta miƙe. Duk suka miƙe.

Dalla ta faɗi daga hannunsa. Ƙafafu suka dawo nasa. Ya juya ya kwasa, ya ture labule, ya bangaji ƙofa, ya yi tsalle cikin duhu.

Kan tsakuwa ya faɗi, gwiwa da tafin hannu. Ba rumfa, ba layin dogo. Fili ne fetal, an share shi, sai gutsattsarin tayil da ƙarafan rodi da suka leƙo daga ƙasa. Can gefe fitilun tashar jiragen ruwa na ƙyalli. Bai taɓa zuwa wurin ba, amma ya san inda yake. Karantina ce.

Ya waiga sau ɗaya.

Taragon na tsaye kan ƙasa tsura. Suna saukowa ɗaya bayan ɗaya, mai ƙofa da ƙofarsa, mai tulu da tulunta. Suka tsaya cikin filin, ba inda za su. Sannan duk suka juyo suna kallonsa.

Ya ruga har ya kai titi. Ana kiran isha'i ya sami wata tasi.

A filin jirgi bai sha wahalar nemanta ba. Tana tsaye jikin ginshiƙi, ta rungume jaka a ƙirji, tana kuka a hankali don kada a gani.

"Ka ce ba za ka bar ni ba," ta ce.

"Ga ni. Ki yafe mini. Ga ni."

Ta ga hannunsa ta yi salati. Ya ce gahawa ce ta zube masa a wurin aiki, ga kuma cunkoson motoci. Bai yi ƙarya ba gaba ɗaya. Ya dubi fuskarta, ga gajiya ga tsoron baƙon wuri, ya ce a ransa ba zai ƙara mata wani ba. Sai ta huta tukuna.

Washegari ya tarar da taragon majalisa a inda yake kullum, tsakanin bango da bango. Masu gyara sun taru suna mamakin ƙafafunsa: tsatsar da ke jikinsu ta goge, suna ƙyalli kamar na jirgin da ya yi doguwar tafiya. A ciki kuwa kowane finjali an sha da shi.

Khala Mastura ta yi sallama a ƙofa, ta dakata yadda ta saba. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta juyo ta dubi hannunsa da ke naɗe da bandeji.

"Ba su amsa ba," ta ce. "Me ka yi?"

Ya gaya mata duka. Ta zauna kan matakala ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Kakata kullum sai ta ajiye wa tsohuwar nan finjali bayan tulu," ta ce. "Ni kuwa ranar da muka tashi ko waiwaye ban yi ba. Wallah kunya ce ta hana ni faɗa maka." Ta share ido. "Ka cika mata?"

"Na cika, Khala. Matata za su ɗauka."

"Na sani, ya waladi. Ban ce ka yi laifi ba. Amma ka gaya wa matarka. Yau ɗin nan."

Ya ce to. Da ya koma gida ya tarar Lailatu ta yi masa tuwo da miyar kuka da ta ƙullo tun daga Gusau, tana ta zuba labarin gida tana dariya, sai ya ce gobe. Goben ma ya ce gobe. Yatsunsa suka warke suka bar tabo fari. Ƙararrawa ba ta sake bugawa ba. Khala Mastura ta daina sallama a ƙofar tarago, ta kuma daina gaggawar tafiya da la'asar. Sannu a hankali Munzali ya fara gaya wa kansa abin ya wuce.

Wata ranar Alhamis aiki ya riƙe shi, bai iso unguwarsu Ruwais ba sai da rana ta yi ja. Ya hau benen gidan da suke haya yana jin ladan na gyara murya. Tun daga matakala ya ji ƙamshin gahawa, ya yi murmushi. Lailatu ta dage da koyo.

A hawa na biyu ya ji wani ƙamshin. Turaren wuta, irin na tsofaffin ɗakuna.

A bakin ƙofarsu akwai farar ƙura a kan tabarmar goge ƙafa.

Ya tura ƙofar. Lailatu na tsaye a bakin falo, ta ba shi gefe, fuskarta cike da fara'a. Sabuwar dallar da ya saya mata na hannunta na hagu.

"Sannu da zuwa," ta ce ƙasa-ƙasa. "Mun yi baƙuwa. Wata tsohuwa ce 'yar uwarmu Bahaushiya, wai an tashe su daga inda suke, ba su da wurin zuwa. Tausayi ta ba ni wallahi. Na ce ta shigo, nan ma gidanta ne."



"Lailatu. Kin cika mata finjalin?"

"Haba dai! In ba ka kunya? Ɗan kaɗan nake zubawa, a ƙasa-ƙasa, yadda ka koya mini." Ta yi 'yar dariya, sannan dariyar ta tsaya. Ta dubi ƙafafunta. "Sai dai tun ɗazu nake so in je in duba tukunya. Har yanzu ba ta kaɗa ba."